Darasi na 9: Rage wa furosesa wuta don kwamfutar gem ta daina zafi

Daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kaiwa wajen digiri 38 ko fiye, masu gidajen gem a Samaru da Sabon Gari sun san halin da ake shiga, fanka ta yi ta ihu, hoto ya fara tsinkewa ana tsaka da buga kwallo, yara su ce oga injinka ya tsufa. Yawanci ba tsufa ba ne. Furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi zafi har ta kai maƙura, sai ta rage gudu da kanta don kar ta lalace. Na Intel galibi iyakarsu digiri 100 ne, Ryzen 7000 na AMD kuma 95.

Kafin ku taɓa komai a saiti, ku buɗe murfin ku duba ƙura. Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa har ta zama kamar auduga, iska ba ta ratsawa. A cire wuta, a hure da bulowa, amma a dafe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa. In man nan mai toka-toka da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya farfashe, a goge a sa sabo ɗan kaɗan. Wani lokacin wannan kaɗai ya isa.

Sai awo. Ku sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafin furosesa, da Cinebench, wadda ke sa furosesa aiki mai nauyi ta ba ta maki, duka kyauta ne. Ku kunna Cinebench ya yi minti 10, ku rubuta abu biyu a littafi: zafi mafi yawa da aka kai, da makin da ya bayar. Wanda bai rubuta ba, in ya gama ba zai san ko gyara ya yi ko ɓarna ba.

To me ya sa ma ake iya rage wutar? Furosesa biyu masu suna ɗaya ba sa fitowa daidai daga masana'anta, wata tana aiki lafiya da wuta kaɗan wata sai an ƙara mata, shi ya sa kamfani ke ba dukkansu adadin da zai ishi mai rauni a cikinsu. Wannan rarar ita muke son ragewa. Kuma zafi ba ya bin boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba furosesa, ɗaya bayan ɗaya, ninkawa yake: in aka rage boltej da kashi 10 cikin 100 gudu bai canja ba, wutar da take ci tana sauka da kusan kashi 19.

Ku kashe ku kunna, kuna ta danna Del ko F2 har BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows, ya buɗe. Masu Intel ku nemi inda aka rubuta CPU Core Voltage, ku zaɓi Offset, alamar ragewa, ku sa 0.050. Ku lura da sifilin nan don Allah, 0.050 ba 0.500 ba, kuma alamar ragewa ba ta ƙarawa ba, in kun juya ta zafi za ku ƙara. Masu Ryzen 5000 zuwa sama ku shiga Precision Boost Overdrive, sai Curve Optimizer, All Cores, Negative, ku fara da 10. F10 ne ke ajiyewa.

Daga nan sai haƙuri, nan ne mutane ke faɗuwa, don kowa so yake ya kwafi lambar da ya gani a YouTube ya zuba a tashi ɗaya. Lambar wani ba taka ba ce. Bayan kowane canji a sake Cinebench, a buga gem na awa guda, sannan a bar kwamfutar a kunne ba ta aikin komai, saboda Ryzen da aka rage wa wuta fiye da kima sau da yawa ba a cikin gem take mutuwa ba, sai tana zaune shiru ta sake kunna kanta. In lafiya, Intel a ƙara rage 0.010, Ryzen a koma 15, sannan 20. Ranar da allo ya yi shuɗi ko ya daskare, a koma baya mataki ɗaya a tsaya nan. Haka in zafi ya sauka amma maki ya zube sosai, an wuce gona da iri.

In ta ƙi tashi gaba ɗaya kar hankali ya tashi, rage wuta ba ya ƙona furosesa. A zare waya daga bango, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo a kan madabod (babban faifan da furosesa ke zaune a kai), CR2032, a jira minti biyar a mayar. Saiti zai koma yadda ya zo.

Akwai kuma PL1 da PL2, iyakar wat ɗin da furosesar Intel za ta ja. Core i9-13900K wat 253 Intel ta rubuta mata, amma wasu madabod sukan bar ta a sake ba iyaka. Ku sa lambar da hannu, ko ma ƙasa da haka, a gem da kyar za ku ga bambanci. AMD nasu Eco Mode ne, dannawa ɗaya.

Masu laftop ɗin tokumbo, da yawanku za ku tarar an kulle wurin. Tun da aka gano matsalar tsaro mai suna Plundervolt a 2019 kamfanoni da dama suka rufe rage boltej. Ku gwada ThrottleStop, manhajar rage boltej daga cikin Windows, in ya ƙi, ku shiga saitin wuta na Windows ku mai da Maximum processor state zuwa 99, gudu zai ɗan ragu amma zafi zai faɗi. A ɗaga bayanta da wani abu, kar a ɗora kan katifa.

Wanda furosesarsa ta Intel ce zubi na 13 ko 14 ya kamata ya sabunta BIOS, don a 2024 kamfanin ya fitar da gyara kan yawan boltej da ke lalata su. Amma kar ku kuskura ku fara sai kuna kan inbata ko UPS, in aka ɗauke wuta a tsakiya madabod na iya tafiya.

Aikin gida: kowa ya zo da littafinsa darasi na gaba ɗauke da sunan furosesarsa, zafi da maki kafin canji da bayan mataki na farko, kuma a rubuta ƙarfe nawa aka yi awon, don awon azahar da na bayan isha'i ba za su zo ɗaya ba.