Yadda Ake Rainon Fuchsia boliviana

Fuchsia boliviana ƙaramar bishiya ce mai dogayen jajayen furanni da ke reto a dunƙule, kuma asalinta dazuzzukan tsaunukan Andes ne masu yawan hazo, a Peru da Bolibiya da arewacin Ajantina. Mai son rainonta ya fara nema mata inuwa, domin rana mai zafi tana ƙona ganyenta. A yanko ɗanyen reshe mai tsawon santimita 10, a cire ganyen ƙasa, a dasa shi a ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. A ganina, danshin iska aka fi yin sakaci da shi, saboda haka a riƙa fesa mata ruwa kowace safiya.