Yadda Ake Koyon Diraf da Manhajar Kwamfuta, da Inda Ya Bambanta da Ches

Wanda yake son ya ƙware a diraf ta hanyar wasa da manhaja, abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya duba dokar da aka gina manhajar a kanta. Mai buga ches ba shi da wannan damuwa, domin doka ɗaya ce a duniya, kuma manhaja irin Stockfish tana isar kowa. Shi kuwa diraf iri-iri ne. Na Ingila da Amurka allonsa gida 64 ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, kuma sarki gida ɗaya yake takawa. Na ƙasa da ƙasa, wanda ya fi kusa da abin da ake bugawa a Najeriya da Nijar, gida 100 ne da 'ya'ya ashirin-ashirin, ɗa yana ci da baya, sarki yana zarcewa har ƙarshen layi, kuma dole ne a bi hanyar da ta fi yawan ci. Don wannan nau'in, a nemi manhajar Scan ko Kingsrow, ko a shiga shafin intanet na Lidraughts.

Bayan haka, a rage ƙarfin manhajar, domin karawa da ita da cikakken ƙarfinta ɓata lokaci ne. Idan an gama wasa, a mayar da shi baya a tsaya daidai inda lambar da take nuna wanda ke da fifiko ta juya. A ches, yawanci lalacewa a hankali take zuwa. A diraf kuwa, tunda ci tilas ne, manhaja takan miƙa maka ɗa ɗaya ko biyu da gangan, ka ci ba don kana so ba, hanya ta buɗe, ta kwashe maka huɗu ta shiga sarki. Irin wannan tarko shi ya fi cancanta a maimaita a kan allo na katako har ido ya saba da siffarsa.

Sai a kula da ƙarshen wasa, inda manhajar ba hasashe take yi ba, amsa take karantowa daga rumbun da aka riga aka lissafa. A ches rumbun ya kammalu ne ga abin da bai wuce 'ya'ya 7 ba, amma manhajar diraf Chinook, wadda Jonathan Schaeffer ya fara a Jami'ar Alberta ta Kanada a 1989, ta lissafa har 'ya'ya 10. Da wannan ne aka tabbatar a 2007 cewa diraf na gida 64 irin na Ingila canjaras ne muddin babu wanda ya yi kuskure. Ches, duk da cewa kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, tun 1997, har yau ba a warware shi haka ba, haka ma diraf mai gida 100.

Saboda haka kada lambar fifiko da manhaja ke nunawa ta ruɗe ka. A ches, rinjayen ɗa ɗaya sau da yawa yakan kai ga nasara, amma a allon gida 100 sarakuna uku ba sa kama sarki ɗaya da ya riƙe dogon layin tsakiya. Kafin ka amince da musanyar 'ya'ya, ka jera matsayin da za a ƙare a kansa, ka tambayi rumbun ko nasara ce ko canjaras.