Ƙannena masu aikin kula da tsofaffi a Ingila, ku rage kawaici

Sati biyu ke nan da na zo hutu ƙauyenmu ta wajen Gumel, tsakar gidan Inna bai rabu da baƙi ba, kowa da tambaya kan ɗansa ko ƙanwarsa da ta tafi. To bari in rubuta sau ɗaya, ku na gida ku tura musu.

Sanyi da hawa bas da buɗe asusun banki ba sai na ɓata bakina ba, wata ɗaya kun saba, kuma mutanenmu na can Allah ya saka musu, ba sa barin baƙo ya kwana a tasha. Ku kuma na gida, duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanu zai samo bizar wannan aikin ɗan damfara ne, tun Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin daga waje.

Ni takarda ce ta ci ni. Gida-gida muke bi, a rubuce tsohuwa minti 30 gare ta amma a cusa mana gidaje har sai ka yi minti 10 ka fita da gudu, ran nan ma maganin wata ya wuce ba a ba ta ba. Na gani na ja bakina na yi shiru, irin tarbiyyarmu dai, ba ka kai ƙarar mai ba ka abinci, ga bizata a hannun kamfanin da nake wa aiki. Ashe shirun ba zai cece ni ba. Aka soke wa kamfanin lasisin ɗaukar baƙi, sai ga wasiƙa wai kwana 60 gare ni in samu wani ko in tattara komatsaina, wallahi kwanakin nan ko barcin kirki ban yi ba, Inna na kira ina ce mata lafiya lau. Inda na je nema suka ce ina takardun albashi, ni kuwa ko ɗaya ban ajiye ba. Don Allah ku adana komai, kwantiragi, takardar albashi, jadawalin aiki, ku ɗauka a waya.

Abin da ban gane da wuri ba, a Ingila da ƙorafi a rubuce ake gyara. Akwai hukumar CQC mai duba gidajen tsofaffi da kamfanoni irin namu, tana karɓar bayani daga ma'aikaci ko dangi ko tsohon da kansa, ba dole ka sa sunanka ba, kuma irin bayanan nan na cikin abin da ke sa su zuwa bincike. Akwai ma dokar 1998 da ke kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna.

Mai tsoho a hannu kuma, dokar 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta duba buƙatunsa kyauta. Nan ne wurin magana: mace ce za ta yi wa Hajiya wanka, abincin halal, a taimaka mata da alwala. In ba ku faɗa an rubuta ba, ba wanda zai yi muku duba. Amma a kira taron dangi ko a turo fom ɗin jin ra'ayi sai ka nemi namu ka rasa, mu dawo WhatsApp muna ta mita. Inda nake yanzu duk fom ɗin da aka turo sai na cike shi, har cikon awoyina nake lissafa musu.