XAMPP ya ƙi tashi? Tsaya, kar ka goge shi tukuna

Duk wanda yake rubuta PHP a Windows da XAMPP, manhajar nan da ke haɗa maka Apache (sabar yanar gizo) da MySQL (mai riƙe databes) a kwamfutarka, ya san wannan jan rubutun, ka danna Start a gaban Apache ko MySQL ya yi kamar zai tashi sai kawai ya mutu, a ƙasa a rubuto maka "shutdown unexpectedly". Abin da yawancinmu muke yi nan take shi ne goge XAMPP a sake sa sabo, kuma wallahi a nan ne mutane suke yin asara, don duk databes ɗinka suna zaune ne a C:\xampp\mysql\data, in foldar ta tafi aikinka ya bi ta.

Na Apache mai sauƙi ne, kusan kullum rigimar ƙofa ce, wato port. Shi yana son ƙofa 80 da 443, in wani ya riga shi zama a wurin ba zai tashi ba. Danna maɓallin Netstat da ke gefen dama ka ga wa ya tare. In ka ga PID 4 (PID ita ce lambar shirin da ya tare) to Windows ce da kanta, galibi IIS ne, sabar yanar gizo ta Microsoft, sai ka buɗe services.msc ka tsayar da World Wide Web Publishing Service. Ni dai ba na ma jayayya da ita, Config nake dannawa in buɗe httpd.conf in mayar da Listen 80 zuwa Listen 8080, haka ma layin ServerName localhost:80, shi ke nan. Amma fa ka tuna daga yanzu localhost:8080 za ka dinga rubutawa a burauza, da yawa a nan suke mantawa su ce har yanzu bai yi ba.

MySQL ne mai ciwon kai. Fara duba ko akwai wani MySQL da ka taɓa sawa daban wanda ya riƙe ƙofa 3306, in akwai tsayar da shi. In babu, to tambayi kanka yaya kwamfutar ta mutu jiya. Ni abin da ya same ni ke nan, batirin laftof ɗina ya daɗe da gama aiki, ina tsakiyar shigar da bayanai aka ɗauke wuta, ɗif, da safe MySQL ya ce bai san zance ba. Yana cikin rubutu aka yanke shi, fayilolinsa suka lalace. Danna Logs ka buɗe mysql_error.log ka gangara can ƙasa, layukan ƙarshe su ne na yau, in ka ga ana ambaton Aria ko InnoDB ko kalmar corrupt to ita ce.

Ga yadda na fita. Rufe XAMPP gaba ɗaya. Shiga C:\xampp\mysql ka canza wa foldar data suna zuwa data_old, kar ka goge ta don Allah. A nan gefenta akwai folda mai suna backup, kwafe ta ka sa wa kwafin suna data. Sai ka koma data_old ka kwaso foldojin databes ɗinka, naka kawai, ban da mysql da performance_schema da phpmyadmin, ka zuba a sabuwar data. Saura abu ɗaya da shi ne mutane suka fi tsallakewa, fayil ɗin ibdata1, ɗauko shi daga data_old ka danne na sabuwar da shi, in ba haka ba za ka ga sunayen teburanka a phpMyAdmin, shafin da kake duba databes ta burauza, amma kana taɓawa ya ce babu su.

Danna Start. In ya yi kore kar ka tsaya murna, wuce phpMyAdmin kai tsaye ka danna Export ka ajiye fayil ɗin .sql a filash, don wannan gyaran ba kullum yake ci ba. Kalmomin sirrin da ka sa wa masu amfani da MySQL kuma sun koma yadda suka zo tun farko, root babu komai, sai ka sake saita su.