Idan Ɓarawo Ya Shigo Kana Cikin Gida

Jama'a, ga 'yar shawara. In ka ji motsin ɓarawo da dare, kar ka fito nemansa. Ba ka san ko su nawa ne ba, balle abin da suke riƙe da shi. Tara iyalinka a ɗaki ɗaya, ka kulle, ka tokare ƙofar da abu mai nauyi. Kashe ƙarar wayarka, sannan ka kira 'yan sanda a hankali ko ka tura wa maƙwabci saƙo. In kuwa kun yi ido huɗu, ba shi abin da ya nema, kuma don Allah kar ka tare masa hanya, wanda ya rasa mafita ya fi haɗari. Bayan ya tafi, kar a taɓa komai sai 'yan sanda sun iso.