Yadda ake ɗibar jini a gida don auna yawan maganin kashe ƙwayoyin cuta

Magunguna irin su bankomaisin, jentamaisin da amikasin suna buƙatar a riƙa auna yawansu a jini. In sun yi kaɗan ba za su kashe ƙwayar cutar ba, in sun yi yawa sukan taɓa ƙoda, biyun ƙarshe kuma har ji suna lalatawa. Don rage zirga-zirga, wasu asibitoci kan ba majinyaci kayan aiki: allurar huda yatsa mai amfani sau ɗaya, kati mai da'irori da ake ɗiga jinin a kai, auduga, leda mai zif da ƙullin tsotse danshi.

Lokaci shi ne ginshiƙin aikin. Galibi ana so a ɗiba cikin minti 30 kafin a karɓi magani na gaba, sa'ad da ya fi ƙaranci a jini, sai fa in likita ya tsayar da wani lokaci. Rubuta ainihin ƙarfe nawa ka karɓi maganin baya da ƙarfe nawa ka ɗibi jinin. In ka makara, rubuta gaskiya. Lokacin ƙarya ya fi katin da ba a cike ba haɗari, domin da shi za a ƙara ko a rage maka magani.

Wanke hannu da sabulu da ruwan ɗumi. Ɗumin na sa jini gudu, wankin kuma na kawar da ragowar magani. Wanda ya taɓa maganin sannan ya huda yatsa bai wanke ba, sakamakonsa kan nuna yawan da babu shi. Bari hannu ya bushe sarai, ka sake shi ƙasa kamar minti 1.

Huda gefen kan yatsan tsakiya ko na kusa da ƙarami, ba tsakiyar tsokar ba, domin tsakiyar ta fi zafi. Goge ɗigon farko da auduga. Jira na biyu ya taru ya yi nauyi, ya sauka tsakiyar da'ira da kansa, kada yatsa ya taɓa takardar.

A nan mutane suka fi kuskure. Matse yatsa da ƙarfi na gauraya jinin da ruwan jiki, awon ya sauka. Shafa a hankali daga tafin hannu zuwa gaba ya wadatar. Haka kuma kada a ɗora ɗigo kan ɗigo don a cika da'ira: jinin ya yi kauri, awon ya haura. Ɗigon da ya gaza, a bar shi a koma da'ira ta gaba. Juya katin ka duba, jinin kirki yakan ratsa har baya.

Ajiye katin a kwance, a buɗe, aƙalla awa 3, nesa da rana da zafi. Ban da hura masa iska da na'urar busar da gashi. In ya bushe zai koma ruwan ƙasa mai duhu. Sa shi a ledar tare da ƙullin, ka aika wa asibiti a ranar.

Kada ka canza yawan maganinka kafin likita ya kira. Amma ƙarancin fitsari, ƙara a kunne ko jiri ba sa jiran sakamako, a sanar da asibiti nan take.