Kurakuran da ake tafkawa a taron gari kafin a zuba siminti

Na daɗe ina zama da kwamitocin gari a yankin Auyo da Kafin Hausa, kuma na gaji da ganin sababbin injiniyoyi suna faɗawa rami ɗaya.

Mafi muni shi ne auna ruwa da rani. Ni ma na taɓa yi, har gobe abin na ci mini rai. Kwalbati za a yi wa wani ƙauye a kan hanyar kasuwa. Watan Maris ne, rafin ya bushe ƙayau, yara na buga ƙwallo a ciki. Kuɗin gudummawa ba yawa, wani mai faɗa-a-ji ya ce bututu ɗaya ya isa, aka yi ta gyaɗa kai, ni ma na bi. Wani dattijo daga gefen tabarma ya ce, "Ɗan nan, ruwan fa yakan taɓa reshen tsamiyar can." Ko waiwayarsa ba mu yi ba. Da ambaliyar 2020 ta zo, ruwa ya zaizaye ƙasar gefe da gefe, ya bar siminti tsaye a tsakiyar rafi. Har da kuɗin ƙuli-ƙulin mata a wannan aikin! Tun daga ranar ba na buɗe takarda sai tsofaffi sun kai ni sun nuna mini shaidar ruwa a jikin bishiya da katanga.

Sai kuskuren yi wa mutane alkawarin tabbas a kan yawan ruwan da zai zo. Kai yaro, wa ya ba ka sanin gaibu? Abin da Kogin Haɗeja zai kawo ya danganta da ruwan sama, da abin da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa, da yadda ciyawar kachala ta toshe hanya. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, shi ma sunansa hasashe. Ni damina uku nake ajiye wa taro: mai sauƙi, ta kullum, da mai ambaliya irin ta 2022. A kowacce in tambaya: gonar wa za ta nutse, nawa gyara zai ci? Su zaɓi asarar da za su iya ɗauka.

Kada dagaci ya fara magana, don ba mai musa masa. Nakan roƙe shi tun a zaure: "Ranka ya daɗe, a bar taka ta zo ƙarshe."

Mata ba sa zuwa dandali, sai a tura wadda za ta ji ta bakinsu a gida. A rubuta dalilin kowace shawara. A kuma ware kuɗin yashe kwalbati, a damƙa wa ma'aji kafin ruwan farko.